Zuciyar Snape da Ba'ar Knights: Kan Hasashen Makaranta Game da Ɓoyayyar Manufar Taurari

Tsakanin Yulin 2005 da littafi na shida na jerin Harry Potter ya fito, da Yulin 2007 da na bakwai ya biyo baya, makarantan J.K. Rowling sun yi ta jayayya a kan mutum guda. Shin Severus Snape ya kashe Albus Dumbledore ne don cin amana, ko kuwa da sanin mamacin da yardarsa aka yi? Muhawarar ta kai har kamfanin sayar da littattafai na Borders a Amurka ya riƙa raba wa masu saye 'yan takardun mannawa iri biyu, ɗaya ta masu amincewa da Snape, ɗaya ta masu tsine masa. A fagen nazarin adabi akwai daɗaɗɗen ra'ayi da ke kallon irin wannan hasashe a matsayin shirme, aikin waɗanda suka manta cewa ƙagaggen labari suke karantawa. Masu kare makarantan kuwa galibi ta fuskar zamantakewa suke bi (Jenkins, 1992): su yaba yadda masoya littafi ke haɗuwa su zama al'umma, su yi shiru kan ko karatun nasu daidai ne. A ganina wannan kariya ta sallama abin da bai kamata a sallama ba.

Mafi ƙarfin hujjar masu suka ta L.C. Knights ce. A 1933 ya wallafa maƙalar nan da takenta ke tambayar 'ya'ya nawa matar Macbeth ta haifa. Ba'a ce yake yi, kuma wanda ake yi wa ita shi ne A.C. Bradley, wanda littafinsa na 1904 ya ɗauki taurarin Shakespeare tamkar mutanen da ke ci gaba da rayuwa bayan an tashi daga wasa, har ya keɓe sharhi yana binciken inda Hamlet yake lokacin da mahaifinsa ya mutu. Wurin Knights, tauraro ba shi da zuciyar da za a tona. Kalmomi ne da marubuci ya jera, kuma abin da bai rubuta ba babu shi. Knights ya rasu a 1997, shekarar da littafin farko na Rowling ya fito, don haka bai ce uffan a kan Snape ba. Amma sandarsa ake ara a doki makarantan, ko an ambaci sunansa ko ba a ambata ba.

Game da matar Macbeth, Knights na da gaskiya. A wasan ta faɗa cewa ta taɓa shayarwa, ba a kuma nuna ɗa ko ɗaya ba, kuma babu wani sashe na wasan da ya rataya a kan amsar. Giɓi ne da marubuci ya bari saboda bai dame shi ba. Inda hujjar ta yi tuntuɓe shi ne da aka ɗauka duk giɓin da ke cikin labari irin wannan ne. Akwai giɓin da marubuci ke haƙawa da gangan, ya kewaye shi da alamu, ya gina zubin labarinsa ta yadda ba za a fahimce shi ba sai an yi ƙoƙarin cike wurin. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ba ya buƙatar hasashe kan Waziri, domin Abubakar Imam ya buɗe masa makircinsa tun da wuri. Rowling akasin haka ta yi: ta ɗaure mai karatu a bayan idon yaro ɗaya, yaron da ke yawan kuskuren fahimtar manya.

Kuma ta koya wa mai karatunta wannan darasi sau da yawa kafin 2005. A littafin farko Harry ya tabbata Snape ne ke neman sace dutsen sihiri, ya kuma ɗauka shi ne ya yi wa tsintsiyarsa asiri a filin wasa; ashe Quirrell ne mai laifin, Snape kuwa karya asirin yake yi. A na uku, Sirius Black da kowa ya sani da cin amanar iyayen Harry ya fito da gaskiyarsa, maci amanar kuwa yana ɓoye cikin siffar ɓera a aljihun Ron. A na huɗu, malamin da ya fi kowa taimakon Harry, Moody, ya zamo wani ne daban ya ari kamanninsa. Marubuciyar da ta yi haka har sau uku, sannan a littafi na shida ta fita daga idon Harry a babi na biyu don ta nuna Snape yana yi wa Narcissa Malfoy rantsuwar da mai karya ta mutuwa zai yi, ba tare da ta bar mu mun ji abin da ke ransa ba, da wuya a ce ba tambaya take gayyata ba. Mai karatun da ya ƙi yin tambayar don biyayya ga Knights ya karanta ƙasa da abin da ke shafin.

Dubi kuma irin shaidar da masu amincewa da Snape suka tara, domin a nan ne batun ya fi nauyi. Hannun Dumbledore ya ƙone ya yi baƙi tun farkon littafi na shida, kuma bai warke ba. Hagrid ya ba da labarin ya ji Snape da Dumbledore suna gardama a bakin daji, Snape na cewa ya gaji da wani aiki da aka ɗora masa. A kan hasumiyar da aka yi kisan, Dumbledore ya roƙi Snape, alhali ba mutum ne da aka san shi da tsoron mutuwa ba, kuma ba a faɗi abin da yake roƙo ba. Bayan kisan, Harry ya bi Snape yana jifansa da sihiri, shi kuwa sai karewa yake yi, har ya hana wani mabiyin Voldemort azabtar da yaron. Mafi kyawun shaidar ta salo ce. A cikin wani kogo, 'yan shafuka kafin nan, Dumbledore ya sa Harry ya yi alkawarin bin umarninsa, sannan ya tilasta masa ɗura masa wani mugun jiƙo. An siffanta Harry da ƙyama da ƙin kansa a lokacin da yake aikin. Kusan da kalmomin nan aka siffanta fuskar Snape sa'ilin da zai yi kisan. Wanda ya lura da wannan maimaici ba tarihin rayuwar wani mutum na bayan shafi yake ƙagawa ba. Kalmomin da aka jera yake dubawa, wato aikin da Knights da kansa ya ce shi ne aikin manazarci.

Sai dai magajin Knights bai ƙare ba, kuma raddinsa na biyu ya fi na farko kaifi. Zai ce: a 2005 babu wata gaskiya game da niyyar Snape da za a gano, domin littafi na bakwai bai wanzu ba. Rowling na iya juya akalar duk inda ta so. Idan kuma aka ce fitowar littafin ta gaskata masu hasashen, to an koma ga nufin marubuci a matsayin alƙali, abin da aka daɗe da yi wa kashedi (Wimsatt da Beardsley, 1946). Ba na jin za a iya kawar da wannan gaba ɗaya. Abin da za a iya cewa shi ne, 'yancin marubuciyar bai kai yadda ake zato ba. Da ta mai da Snape maci amana tsantsa, da gardamar bakin daji da kare Harry da maimaicin nan sun zama tarkace marasa aiki, kuma da mai nazari ya sami damar cewa littafi na shida ya yi alkawarin da na bakwai ya saɓa. Ke nan ana iya auna hasashe tun kafin marubuci ya buɗe baki, ta duba yawan abin da ya bayyana da yawan abin da ya bari a warwatse. Wannan kusa yake da abin da Eco (1992) ya kira nufin matani, wanda ya bambanta shi da nufin marubuci da na mai karatu.

Amma wannan ma'auni yana rage abin da zan iya da'awa. Shaidar da ke littafi na shida ta ƙarfafa cewa da yardar Dumbledore aka yi kisan. Ba ta ƙarfafa ɗaya rabin hasashen ba, wato cewa son Lily, mahaifiyar Harry, shi ne tushen komai. Abin da ke hannu kafin 2007 kaɗan ne: a littafi na biyar Lily ta kare Snape daga wulaƙancin James, mahaifin Harry, shi kuwa ya zage ta, a na shida Dumbledore ya ce nadamar Snape ta fara ne da ya gane wanda Voldemort zai farauta, sannan an lura cewa Snape na yawan aibata James a gaban Harry amma ba ya taɓa Lily. Wannan ta ƙarshe hujja ce daga shiru, kuma shiru na ɗaukar fassara iri-iri. Waɗanda suka ce soyayya ce sun dace, babi na 33 na littafin ƙarshe ya nuna haka, amma dacewa daban, kafa hujja daban. Ina ganin a nan Knights zai yi murmushi, kuma yana da dalili.

Akwai kuma hasashen da ba ya cin jarrabawar sam. Ba ina nufin na raha ba, kamar wanda ya ce Dumbledore Ron ne da ya tsufa ya dawo baya cikin zamani, wanda Rowling ta musanta. Ina nufin wanda ya ce Dumbledore mugu ne daga farko har ƙarshe. Yana da ɗan madogara: a littafi na huɗu Harry ya ga alamar murnar nasara a idonsa da ya ji Voldemort ya ɗebi jinin yaron, kuma littafi na bakwai ya tona abotarsa da Grindelwald da mutuwar ƙanwarsa Ariana, har Snape ya zarge shi da kiwon Harry don yanka. Matsalar ita ce, bayan an bayyana cewa jinin nan ne ya ba Harry hanyar tsira, masu ra'ayin ba su ja da baya ba. Alherin Dumbledore ya zama musu shaidar iya yaudara, nadamarsa ta zama ƙarin wayo. Hasashen da babu jimlar da za ta iya rushe shi ya daina magana a kan littafin.

Inda batun ya fi wuya shi ne jerin da bai kammala ba. George R.R. Martin ya fara nasa a 1996, littafi na biyar ya fito a 2011, na shida har yanzu shiru. Hasashen cewa Ned Stark ya karɓi kunyar haihuwar shege ne don ya ɓoye ɗan ƙanwarsa Lyanna ya tsaya da ƙafarsa a kan littafin farko kaɗai: mafarkin Ned, alkawarin da Lyanna ta karɓa daga gare shi tana bakin mutuwa, da rashin dacewar zargin da halin mutumin. Fim ɗin talabijin da aka yi kan jerin ya tabbatar da shi, littattafan ba su yi ba tukuna, kuma bisa ma'aunin da na kawo ba ya buƙatar su yi. Hasashen da ake yi kan ainihin manufar Varys, wani tauraron jerin, ba shi da irin wannan gindi. Kusan duk abin da muka sani game da niyyarsa daga bakinsa ya fito, shi kuwa sana'arsa ke nan faɗa wa kowa abin da zai amfane shi a lokacin. Iyakar abin da littattafai biyar ɗin suka ba da damar a faɗa shi ne yana aiki tare da Illyrio, kuma ya kashe Kevan Lannister don kada masarautar ta daidaita kafin Aegon ya iso.