Bauchin Yakubu: Tarihin da Muke Wucewa a Kan Hanyar Yankari

Gabatarwa

Duk wanda aka ambata wa yawon buɗe ido a jihar Bauchi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Yankari. Hakan kuwa ba abin mamaki ba ne. Tun shekarar 1956 aka keɓe wannan daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'annan ta mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Giwayensa da ruwan ɗumin Wikki sun kai sunansa har ƙasashen ƙetare. Sai dai mafi yawan masu zuwa can, har da mu ɗalibai da malamai idan an shirya mana tafiyar ƙaro ilimi, ratsa birnin Bauchi kurum muke yi: a sha mai, a sayi masa, a kama hanya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa birnin da muke ratsawa ɗin nan, da kewayensa, yana ɗauke da wuraren tarihi waɗanda in aka jera su bi da bi za su ba da labarin wannan ƙasa tun kafin jihadi har zuwa rushewar Jamhuriya ta Farko. Za mu dubi huɗu daga cikinsu, mu kuma faɗi dalilin da ya sa ziyartarsu ta zama wajibi ga mai nazarin Hausa tun kafin wasunsu su salwanta.

Zanen Kan Duwatsu

Shaida mafi tsufa a wannan yanki tana jikin dutse ne. A Shadawanka, gefen birnin Bauchi, kusa da barikin sojan nan mai wannan suna, akwai kogunan dutse masu ɗauke da zanen shanu. Haka nan a Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai zanen mutane da dabbobi a wurin da ake kira Dutsen Zane. Duka biyun suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kamar takwarorinsu na Birnin Kudu a jihar Jigawa. Waɗannan zane-zane sun girmi birnin kansa, kuma suna tunatar da mu cewa akwai al'ummu masu dabbobi da fasaha a cikin waɗannan duwatsu tun kafin a ɗora tubalin farko na ganuwa. Wanda ya fara karatun tarihin Bauchi daga shekarar da aka kafa birnin, to daga tsakiyar littafi ya fara.

Ganuwa da Ƙofofinta

Malam Yakubu ɗan Dadi, wanda ya kafa birnin, Bageri ne, kuma almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun zaman Ɗagel. Masana tarihi sukan ambace shi a matsayin wanda ba Bafulatani ba daga cikin manyan waɗanda aka ba tutar jihadi. Bayan ya yi zama a Inkil, sai ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Daga wannan birni ne ya fita da rundunarsa a wajen 1827 ya tare Shehu Laminu na Barno a ƙasar Kano, lokacin da daular Sakkwato take fuskantar babbar barazana daga gabas. Ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi. Sunansa ya bi birnin har Turawan da suka ziyarce shi a ƙarni na 19, irin su Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, suka riƙa rubuta shi da Yakoba. Mu ma har gobe Bauchin Yakubu muke cewa.

Game da asalin sunan Bauchi kuwa, ruwayoyi biyu ne suka shahara. Ta farko ta ce wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna wa Malam Yakubu wurin da ya dace, yamma da dutsen Warinje, shi kuma ya saka masa da raɗa wa garin sunansa. Ta biyu, wadda wasu masana suka fi karkata gare ta, ta ce tun kafin jihadi Hausawa suna kiran yankunan da ke kudu da ƙasarsu da Ƙasashen Bauchi, saboda haka birnin ne ya ari sunan yankin. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya zama kundin bincike ga ɗalibin harshe.

Ganuwar ta tsare birnin kusan shekara ɗari, har zuwa 1902 lokacin da sojojin Ingila suka shigo suka tuɓe Sarki Umaru. Daga nan amfaninta na yaƙi ya ƙare, sai ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine suka yi ta cin ta. Mafi yawanta ta zube. Abin da ya fi wanzuwa shi ne sunayen ƙofofinta: Wunti, Ran, Nassarawa, Wambai, Jahun, Dumi, Inkil da Tirwun. Sunayen nan su kansu taswira ce, domin wasunsu sunan garin da hanyar ta nufa ne, wata kuma sunan sarauta. Mai ziyara da ya bi su ƙofa-ƙofa, ya ƙare a ƙofar fada, zai fahimci girman tsohon birnin fiye da yadda kowane littafi zai kwatanta masa.

Gidan Madaki a Kafin Madaki

Mai son ganin irin ginin da aka yi a zamanin da ganuwar take tsaye sai ya fita arewa da birnin, tafiyar kimanin kilomita 45, zuwa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. A nan ne gidan Madakin Bauchi yake, wanda aka gina a wajen 1860, zamanin Sarki Ibrahim. Ana danganta ginin ga Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau wanda ake danganta wa tsohon masallacin Juma'a na Zariya, har ma sunansa ya bi soron. A 1956 aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa, wato yana cikin na farko-farko da suka sami wannan matsayi a Nijeriya.

Da tubali da azara da ƙasa aka tayar da wannan soro. Hikimar tana cikin bakan gizo: magini yakan jera azara yana ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, yana lulluɓe su da ƙasa, har su lanƙwasa su haɗu a tsakiya su ɗauki rufin ɗaki mai faɗi. Wannan fasaha ce ta ja hankalin masanin gine-ginen nan ɗan ƙasar Folan, Z. R. Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, har aka gina kwatankwacin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. To, a Jos kwafi ne, amma a Kafin Madaki ainihin ginin ne yake tsaye a inda aka aza shi. Kalmomi irin su ɗaurin guga da zanko da makuba da indararo, waɗanda muke haddacewa a darasin al'ada domin jarrabawa, a irin wannan wuri ne ake ganinsu ido da ido.

Hubbaren Tafawa Ɓalewa

Idan muka komo cikin birni, a kan titin Ran, za mu iske wurin da ya fi kowanne kusa da zamaninmu, wato hubbaren Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi. A nan ne zama ya haɗa shi da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa halartar zauren tattaunawar nan na Bauchi da aka kafa a 1943, wanda ake lissafawa cikin tushen siyasar zamani a Arewa. Ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1945. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙudurin neman gyara tsarin mulkin En'e a majalisar Arewa, abin da ba kowa ne yake iya furtawa ba a lokacin. Ya zama minista a 1952, Firayim Minista a 1957. Shi ne ya yi jawabi a madadin Nijeriya da ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960. A juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, aka ɗauke shi daga gidansa a Legas, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya, aka kawo ta Bauchi aka yi masa sutura.

An fara ginin hubbaren a 1977, shekara guda bayan ƙirƙiro jihar Bauchi, aka buɗe shi a 1979. An tsara ginin ne domin ya ba da labari da kansa. Mai shiga yakan bi ta wani lungu mai duhu wanda haske yake ɗan ratsawa jefi-jefi, kafin ya fito fili. Masu yi wa baƙi jagora sukan bayyana duhun da zamanin mulkin mallaka, hasken kuwa da samun 'yancin kai. Kabarin yana tsakar fili ne babu rufi, bangon da ya kewaye shi an ƙawata shi da launuka iri-iri masu nuni da al'ummun Nijeriya. A cikin harabar akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da hotunansa da wasu kayan da ya yi amfani da su, irin su rediyo da agogo da hula. Wanda ya dube su ya tuna cewa mai su ya shugabanci gwamnatin ƙasar nan fiye da shekara 8, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan gudun duniya.

Mu masu nazarin Hausa muna da wata alaƙa ta daban da wannan kabari. Mai shi ne ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. A Rauta, ta ƙasar Bauchi, marubucin ya zaunar da Shaihun yana ba almajiransa labarin bauta da ƙetare Sahara. Shekara da shekaru muna feɗe jigo da salon wannan littafi a aji, alhali da yawanmu ba mu taɓa taka ƙasar da ta haifi labarin da marubucinsa ba.

Abin da Ke Kanmu

Waɗannan wurare ba za su jira mu ba. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyaran rufi kafin kowace damina, magina masu sanin ɗaurin guga kuwa ƙaranci suke yi tun da siminti da kwano suka karɓe sana'ar. Zanen dutse hayaƙi da hannun masu rubuta sunayensu suna iya shafe shi cikin ɗan lokaci. Ganuwa ta riga ta nuna mana yadda abin yake ƙarewa. Dattawan da suka ga Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da idanunsu saura ƙalilan. Gaskiya ne akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, akwai kuma gwamnatin jiha da masarauta. Amma kowace hukuma takan fi kula da wurin da jama'a suke tururuwa, wurin da ba a zuwa kuwa shi ake mantawa ranar rabon kasafi. Ashe ke nan ziyara ita kanta wani nau'i ne na adanawa.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, duk tafiyar da sashe zai shirya zuwa Yankari a ware yini guda cur domin birnin Bauchi. Na biyu, a ƙarfafa wa ɗalibai masu neman batun kundin digiri su tattara asalin sunayen ƙofofi da unguwanni, da kirarin sarautu, da kalmomin magina, daga bakin masu su. Na uku, sashenmu ya miƙa hannu ga masu kula da waɗannan wurare domin a samar da bayanin kowane abu cikin ingantacciyar Hausa, yadda manomi da 'yar firamare za su karanta ba tare da tafinta ba.

Kammalawa

Mun ga yadda zanen Shadawanka da Geji, da ƙofofin Malam Yakubu, da soron Kafin Madaki, da hubbaren titin Ran suka haɗu suka ba da labari guda mai tsawo. Babu ɗaya daga cikinsu da yake da nisan da zai gagari motar sashe. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna ji a aji, saura mu je mu gani tun da sauran abin gani.