Akuyar da Ake Yi wa Aski: Daga Ankara Zuwa Turken Makiyayin Keffi

A ƙasar Hausa akuya nama ce, nono ce, fata ce, kuma asusun mace ce, ranar da buƙata ta taso sai a kwance ta daga turke a kai kasuwa. Abin da kunnenmu bai saba ji ba shi ne a yi kiwon akuya don gashinta. To, akwai wadda aikinta ke nan. Fara ce fat, gashinta na zubowa a nannaɗe har ya kusa share ƙasa, sau biyu a shekara ake yi mata aski a sayar wa masaƙu. Wannan gashi shi ake kira moheya a kasuwar duniya, da shi ake saƙa kwat da mayafi da rigunan sanyi masu tsada.

Asalinta tsakiyar ƙasar Turkiyya ne, a tuddan da ke kewaye da Ankara, garin da a da Turawa suke kira Angora, sunan da ya bi akuyar har yau. Ƙasa ce busasshiya, mai ƙarancin ruwan sama da tsananin hunturu. A zamanin Daular Usmaniyya masaƙan Ankara sun yi suna da wani yadi mai sheƙi da ake kira sof, kuma mahukunta sun daɗe suna taƙaita fitar da ɗanyen gashin, balle akuyar kanta. Zare da yadi suka fi so su sayar, don aikin ya tsaya a hannun mutanensu. Turawa sun yi ta gwada sa'a. Tun a 1554 aka kai wa sarki Charles na Biyar guda biyu, daga baya aka kai wasu Sifen da Faransa, amma kiwon bai kama ƙasa ba.

Injin saƙa ne ya sauya lissafin. A farkon rabin ƙarni na 19 masu masaƙu a Bradford ta Ingila, irin su Titus Salt, suka gano yadda inji zai kaɗa wannan gashi mai santsi, a daidai lokacin da Turkiyya ta sassauta fitar da ɗanyensa. Nan da nan buƙata ta fi ƙarfin garken da ake da shi. Makiyayan Turkiyya suka shiga haɗa akuyarsu da manyan awakin Kurdawa don yawa, tsohon irin ya gauraya, masaƙan Ankara kuma suka zauna ba aiki, domin gashin da za su saƙa yana cikin jirgi zuwa Ingila.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na 1838. A shekarar ne wani tsohon hafsan soja, Kanar John Henderson, ya ɗauko bunsuru 12 da akuya ɗaya zuwa Afirka ta Kudu. Bayan an sauka aka gane cewa bunsuran duk an kashe musu ƙarfin barbara tun kafin a sayar, wato masu irin ba su yi niyyar sakinsa ba. Sai dai sun manta da akuyar. Ashe tana da ciki, ta haifi ɗan bunsuru a kan hanya, kuma da shi da uwarsa aka fara iri a yankin Kef. Daga 1856 'yan kasuwa suka ci gaba da shigo da wasu, manoma suna ta barbarar awakin gida da su, suna zaɓen masu kyan gashi zuriya bayan zuriya. Ƙasar Karu, wadda fako ce mai ƙananan itatuwa da ɗan ruwan sama, ta karɓi akuyar kamar can aka halicce ta. Yau Afirka ta Kudu ke fitar da kusan rabin moheyar duniya, maƙwabciyarta Lesoto na biye da ita, ana gwanjon gashin a birnin Port Elizabeth, wanda aka sauya wa suna zuwa Gqeberha.

Amurka kuwa kyauta ta samu. A 1849 Sarkin Usmaniyya ya ba Dakta James Davis awaki tara, tukuicin aikin gwajin noman auduga da ya yi masa. Irin ya samu gindin zama a tuddan Texas, gwamnati ta tallafa masa da wata doka a 1954, da aka janye tallafin a tsakiyar shekarun 1990 garken ya zube.

Wanda ya dubi waɗannan wurare zai ga abu ɗaya suka haɗa, wato bushewa. Akuyar Ankara 'yar lele ce. Gashinta na ƙaruwa da kusan santimita biyu a wata, babba kan ba da kilo huɗu zuwa biyar a shekara, kuma duk abin da ta ci gashin ne ke fara ɗiba. Shi ya sa jikinta ƙarami ne, kuma in abinci ya gaza mai ciki sai ta yi ɓari. Gashin 'ya'ya shi ya fi laushi da tsada, yana kauri ne gwargwadon tsufan dabba. Makonnin da ke bin aski su ne masu haɗari: in ruwa mai sanyi da iska suka same ta tsirara, garke guda na iya mutuwa a dare ɗaya, don haka dole a tanadi rumfa. Ga tsutsar ciki da ke saurin kayar da ita, ga ƙwarƙwata da ke ɓuya a gashi, ga ruɓar kofato in ƙasa ta jiƙe, ga ƙarangiya da ƙaya da ke karya farashin gashi in sun maƙale.

Yanzu a ɗora wannan a kan garin Keffi na Jihar Nasarawa. Damina a nan takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara ya haura milimita 1,000, ninkin-ba-ninkin abin da Karu ke samu. Ciyawa na da tsawo, kaska ta yi yawa, a bakin rafuka akwai ƙudan tsando mai kawo sammore. Akuya mai ɗauke da bargo a jikinta ba ta da abin yi a irin wannan laima. Ko da ta rayu, babu mai aski, babu mai tantance gashi, babu masaƙar da za ta saya. A ganina duk wanda ya zo wa makiyayin Keffi da tallar wannan akuya, kuɗinsa yake so.

Keffi ba baƙuwar kiwo ba ce. Wanda ya kafa ta a wajajen 1800, Abdu Zanga, Bafulatani ne makiyayi daga ƙasar Katsina, garin kuma ya zauna ƙarƙashin Zazzau a kan hanyar fatake da ta gangara zuwa Loko a bakin Binuwai. Ta nan Bajamushe Gerhard Rohlfs ya wuce a 1867. Zaman garin tsakanin Arewa da Kudu ya sa awakinsa ma suka zama na tsakiya: ga gajeriyar akuyar kurmi mai jure sammore, ga jar akuyar Sakkwato da ke gangarowa daga Arewa, ga ruwa-biyun da ke tsakaninsu.

Wannan jar akuya, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ita ce tamu da duniya ta sani, ita kuma fatarta ce dukiyar. Fata ce mai laushi da ƙarfi, ramukan gashinta ƙanana ne a jere. Majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su ɗinka, ragowar kuma ayarin raƙuma ya haura Sahara da ita. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga birnin har Tarabulus. Da yake daga gaɓar Arewacin Afirka Turawa ke karɓarta, da yawa cikinta an sayar da sunan fatar Maroko. A farkon ƙarni na 20 masu ɗaurin littattafai a Ingila suka riƙa neman ta da sunan fatar Neja, saboda jimar bagaruwa ta fi daɗewa ba ta ruɓe ba. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya hanyar fata daga hamada zuwa tashar Legas, kuma sannu a hankali ɗanyar fata da wadda aka yi wa rabin jima suka fi yawa a abin da ke fita, aikin ƙarshe da ribarsa suka koma Turai. Abin da ya samu masaƙan Ankara ke nan.

Ta fuskar tsare iri, Nijar ta yi abin a zo a gani. Tun zamanin Faransawa ake dandaƙe bunsuran da ba ja ba a yankin Maraɗi, bayan samun 'yancin kai kuma aka kafa cibiyar kiwon awaki a garin a farkon shekarun 1960, tana zaɓen iri tana rarrabawa. A Najeriya akwai cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda ta faro a matsayin gonar gwamnati a 1928, akwai kuma cibiyar nazarin fata a Samaru. Amma a ƙauye barbara ta koma ta wanda ya riga, mafi kyan bunsuru shi ake fara yankawa ranar suna, ƙirci da kaifin wuƙar mai fiɗa kuma suna lalata fatar da ta rage.

Makiyayin Keffi da ke son akuyarsa ta ba shi fiye da nama, ga inda zai sa ƙarfinsa: ya ajiye jan bunsuru mai kyau ya dandaƙe sauran, ya ɗaga ɗakin awaki daga laima, ya yi allurar rigakafin ciwon zawo da majina, ya ba da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, ya tanadi harawa da dusa don rani. Hukumomin Jihar Nasarawa da sashen noma na jami'ar jihar kuma, in da gaske suke a kan kiwo, su fara da samar wa matan da ke riƙe da awakin nan bunsuran iri.