Hannu ko Inji: Yadda Amurka Ta Koyi Horar da Yara Dukan Ƙwallon Softbol

A watan Agustan 1961, a garin Waterbury na jihar Connecticut, aka shirya wasan tara kuɗin taimako inda Ted Williams ya riƙi sanda ya tsaya a gaban wata budurwa mai suna Joan Joyce. Williams yana cikin gwanayen duka mafiya shahara a tarihin besbol, kuma bai fi shekara guda da yin ritaya ba. Joyce kuwa mai jifa ce a ƙungiyar softbol ta Raybestos Brakettes. Ta yi ta jifa, shi kuma ya yi ta dukan iska har ya haƙura. A 1967 Eddie Feigner ya fitar da taurarin besbol shida a jere, ciki har da Willie Mays da Roberto Clemente. A 2004 Jennie Finch ta yi wa Albert Pujols irin wannan cin kaca.

Softbol ƙanen besbol ne. A wasannin biyu, wani yana jefo ƙwallo, wani yana ƙoƙarin maka mata sanda, kuma wanda ya kuskure sau uku an fitar da shi. Bambancin shi ne ƙwallon softbol ta fi girma, filin ya fi ƙanƙanta, sannan ta ƙasa ake jifa, hannu ya wuce ta gefen cinya. Dalilin da ya sa waɗancan gwanaye suka kasa dukan ƙwallon da ta fi tasu girma shi ne kuma amsar muhawarar da masu horar da yara ke yi har yau: wa ya kamata ya jefa wa yarinya ƙwallo a lokacin atisaye, mutum ko inji?

A farkon wasan babu wannan tambaya. A ranar bikin godiya ta 1887, wasu samari da ke zaune a kulob ɗin Farragut na birnin Shikago suka ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, suka ɗauki sandar tsintsiya, George Hancock kuma ya tsara musu dokoki. A 1895 Lewis Rober ya shirya wa 'yan kwana-kwanan Minneapolis irin wannan wasa domin motsa jiki. Sunan softbol ya fito ne daga bakin Walter Hakanson a 1926, kuma a 1933 aka yi gasar ƙasa ta farko a bikin baje kolin duniya na Shikago. A farko ana jifa ne a hankali domin a samu a daka. Da gasa ta yi zafi, masu jifa suka ƙara gudu, har aka kai ga salon da ya mamaye wasan mata a yau, inda hannu ke yin cikakken zagaye kamar fanka kafin a saki ƙwallo.

Injin jifa kuwa daga besbol ya fito, kuma gajiyar hannun ɗan Adam ce ta haife shi. A 1897 Charles Hinton, Baturen Ingila mai koyar da lissafi a Jami'ar Princeton, ya ƙera wata na'ura mai kama da igwa, wadda ke harba ƙwallo da albarushi. Ta ji wa wasu 'yan wasa rauni, ba ta kuma daɗe ba. A 1952 Paul Giovagnoli ya fito da inji mai hannun ƙarfe, wanda aka sani da Iron Mike. A shekarun 1970 injuna masu tayoyin roba da ke juyawa suna tofar da ƙwallo, irin na kamfanin JUGS, suka yaɗu a makarantu da filayen unguwa.

Yaɗuwarsu ta zo daidai da wani babban sauyi. A 1972 Amurka ta kafa dokar nan ta Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A 1974 ƙungiyar Little League ta buɗe sashen softbol. 'Yan mata suka yi tururuwa zuwa fili, amma iyayen da ke horar da su mafi yawa besbol suka sani, ba su iya jifan fanka ba. Inji ya cike wannan giɓi. Ba ya gajiya, ba ya ciwon kafaɗa, kuma yana aika ƙwallo wuri guda sau ɗari. Yarinya za ta samu duka da yawa cikin ɗan lokaci, kuma wannan riba ce ta gaske ga mai koyon riƙon sanda da tsayuwa.

Sai dai masu horarwa sun daɗe suna ganin wani abu mai ɗaure kai: yarinyar da ke ragargazar ƙwallon inji ranar Laraba ita ce ke daskarewa a gasa ranar Asabar. Bayanin ya zo daga masu nazarin gani da motsi. A wasan manyan mata, tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 43 ce, kuma mai jifan tana tsallakowa gaba kafin ta saki ƙwallo. Idan ƙwallon na gudun mil 65 a awa, tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kusan daidai da lokacin da ɗan besbol ke samu daga tazarar ƙafa 60 da inci 6. Wannan lokaci bai isa mutum ya ga ƙwallo, ya yi shawara, sannan ya kai duka ba. Dole ya fara motsi tun kafin ya tabbatar da inda za ta bi.

Tun daga shekarun 1970 masu bincike irin su Janet Starkes a Kanada da Bruce Abernethy a Ostareliya suka riƙa nuna wa 'yan wasa hotuna da fina-finan abokan hamayya, suna yanke su kafin motsi ya kammala. Suka gano cewa gwani yana hasashen abin da ke tafe daga kafaɗa, ƙugu da hannun abokin karawa, alhali ɗan koyo sai ya jira ƙwallo ta taso. David Epstein ya buɗe littafinsa The Sports Gene na 2013 da labarin Finch domin wannan dalili: Pujols ya shafe rayuwarsa yana karanta jikin mai jifa ta sama, don haka da aka jefo masa ta ƙasa sai ya koma ɗan koyo. Binciken da Ross Pinder, Ian Renshaw da Keith Davids suka yi a kan matasan 'yan kurket ya ƙara nuna cewa mai duka yana sauya lokacin taku da na ɗaga sanda idan inji ne a gabansa. Ke nan inji yana koyar da wani irin duka nasa na daban, domin ya cire jikin da ido ke buƙatar karantawa.

Amma jifan mutum ma da tsadarsa. A gasar 'yan ƙasa da shekara 10 tazarar ƙafa 35 ce, a ta 'yan ƙasa da 12 kuma ƙafa 40, kuma yarinyar da ke jifa ita ma koyo take yi. Ƙwallonta na iya bin ƙasa, ko ta wuce sama, ko ta bugi mai duka ta dasa mata tsoro. Atisayen da inji zai ba da duka ashirin, jifan yarinya zai iya ba da biyar. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙananan yara da yawa ke barin koci ko inji ya yi jifa har a cikin gasa.

Akwai kuma batun kafaɗa. An daɗe ana cewa jifan ƙasa bai cutar da hannu, abin da ya sa ake barin yarinya ɗaya ta yi jifa a wasanni da dama cikin ƙarshen mako guda. Nazarin da Sherry Werner da abokan aikinta suka yi a kan masu jifan gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda softbol ya fara shiga, ya nuna cewa nauyin da jifan fanka ke ɗora wa kafaɗa bai yi nisa da na besbol ba. Little League ta fara ƙidayar jifa ga yaran besbol a 2007, amma a yawancin gasannin softbol babu irin wannan ƙidaya. Kocin da ya mai da mai jifarsa 'yar shekara 12 injin atisaye yana gyara idon wasu da kafaɗar wata.

Daga nan aka samu tsarin da gogaggun masu horarwa ke bi. Ana fara gyaran duka da ƙwallo a kan turke, ba ta motsi. Sannan koci ya fake bayan raga ya riƙa jefowa ta ƙasa daga kusa, domin yarinya ta ga hannu yana sakin ƙwallo. Inji na shigowa idan ana son yawa ko sabawa da gudu, kuma mai sa ƙwallo a cikinsa yakan zagaya hannu tukuna, ya ba ta alamar lokacin taku. Jifan mai jifa ta ainihi ana ajiye shi a ƙarshe, kaɗan kuma a ƙidaye, da lissafin kuskure da fitarwa kamar a gasa, ta yadda su biyun ke koyo tare.

Masu ƙera injuna ma sun miƙa wuya ga wannan darasi. Na'urar Trajekt Arc, wadda manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka ke amfani da ita, tana haska bidiyon wani takamaiman mai jifa da girman jikinsa, ƙwallo kuma ta fito daidai inda hannunsa yake. Shekaru fiye da 120 bayan igwar Hinton, fasaha mafi tsada a wannan fanni tana aikin dawo da jikin mutum da aka cire tun farko. Ƙungiyar 'yan mata ta unguwa ba ta da kuɗin irin wannan na'ura, amma tana da ainihin abin da na'urar ke kwaikwayo, wato yarinya mai koyon jifa, wadda za ta amfani sauran muddin ana ƙirga mata jifa, ana kuma ba ta ranakun hutu.