Gansakukar da Ba Gansakuka Ba Ce

A shekarar 1850, Robert Warington, masanin sinadarai a Landan, ya bayyana yadda ya ajiye kifayen ado biyu da tsirrai a tankin gilashi ba tare da sauya ruwa ba. Da ganyaye suka ruɓe, yauƙi ya ɓata ruwan, sai ya saka katantanwa suka cinye dattin. Daga nan masu kiwon kifin ado suka ɗauki darasi: tsabtar tanki tana ga daidaito tsakanin kifi, tsiro da abinci.

Sai dai akwai wani yauƙi, kore mai ratsin shuɗi, da ke lulluɓe tsakuwa da ganye, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda katantanwa kan ƙaurace masa. Fiye da shekara ɗari ana lissafa shi cikin gansakuka, duk da cewa tun a shekarun 1870 Bajamushe Ferdinand Cohn ya lura da kusancinsa da bakteriya. Sai a shekarun 1970, bisa aikin Roger Stanier da abokansa, sunan sayanobakteriya ya kankama. Ashe bakteriya ce mai sarrafa abinci daga haske, kuma kakanninta ne suka fara cika sararin duniya da oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Tunda bakteriya ce, masu tanki suka koma ga erythromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya fito a 1952. Yana share yauƙin cikin 'yan kwanaki, amma yana iya taɓa bakteriya masu amfani da ke matatar ruwa, waɗanda ke kare kifi daga gubar kashinsu. Idan kuma musabbabin yana nan, yauƙin dawowa yake yi.

Shi ya sa ƙwararru suka koma kan turbar Warington. Sukan zuƙe yauƙin, su rufe tankin ruf daga haske na kwana uku zuwa huɗu, su sauya wani ɓangare na ruwan, su rage abinci, su ƙara gudun ruwa a lungunan da yake kwanciya.

Halittar da ta rayu biliyoyin shekaru ba za ta ƙare a tankin falo ba. Abin da mai tanki ke da iko a kai shi ne hana ta samun wurin zama.