Ramin Lofe Da Tarihin Da Ke Cikinsa



Kwanakin baya muna kwashe kayan marigayi kakanmu a nan Sabo, Ibadan, sai na ci karo da tsohon lofensa, kan na yumɓu, bututun na itace. Duk gidan babu wanda ya san wa ya yi shi. Abin da gwaggona ta tuna kawai shi ne yadda ake huda bututun: a sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi ja, a riƙa cusa shi cikin itacen sannu a hankali har ya ɓulla. In mai aikin ya yi garaje, ƙarfen ya fasa ta gefe, shi ke nan an yi asara.

Ita dai taba daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajajen 1600. A wannan zamanin su ma mutanen Ingila suna yin lofe, amma na farin yumɓu, kai da bututu a haɗe. Waya suke zurawa cikin bututun tun yumɓun yana ɗanye, sannan a gasa. Da tafiya ta yi tafiya, ramin ya riƙa tsukewa.

A 1954 wani masanin tonon kayan tarihi a Amurka, J. C. Harrington, ya auna ɗimbin gutsattsarin irin wannan lofe da aka tono a tsofaffin matsugunan Turawa kamar Jamestown. Ya gano cewa in aka raba inci gida 64, faɗin ramin yawanci kashi 8 ne tsakanin 1620 da 1650, amma tsakanin 1750 da 1800 ya koma kashi 4. Tun daga nan, ɗan ramin da maƙerinsa bai ɗauka a bakin komai ba ya zama ma'aunin ƙiyasta shekarun kufai.

Ba tallar taba nake yi ba, illarta ga lafiya ba ɓoyayya ba ce. Abin da ya dame ni shi ne, an kafa Sabo tun 1916, amma kayan da iyayenmu suka zo da su daga Arewa a bola suke ƙarewa. Wasu sun karanta tarihinsu a ramin lofe, mu kuwa dattawanmu na tafiya ba mu tambaye su komai ba.

Don Allah kafin ka jefar da tsohon abu, ka tambayi tsohon gida labarinsa, ka rubuta. Allah Ya jiƙan magabata.