Dakta Barau Dikko da Aikin Likitan Gudanarwa a Arewa

Kafin mu shiga tarihin mutumin, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da likitan gudanarwa. Shi ne likitan da ya koyi duba majinyaci, amma gwamnati ta ɗauke shi daga bakin gado ta ɗora masa tsara aikin lafiyar lardi ko jiha baki ɗaya: inda za a gina asibiti, wanda za a tura can, da kuɗin da za a ware wa magani. Muna iya kasa aikin likitan gwamnati gida uku, wato jinya, da rigakafi, da gudanarwa. Na farkon ne jama'a suke gani har su yi godiya; na ukun kuwa ba a tuna shi sai ranar da magani ya yanke.

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a 1912 a ƙasar Zazzau, ya kuma tashi a hannun mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya jagoranta, wadda daga baya ta zauna a Wusasa. Ya yi King's College a Legas, sannan ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewa. Ya kama aikin gwamnati a 1940, ya zama babban likita a 1953, a 1957 kuma ya kai muƙami mafi girma a sashen cututtuka masu zaman gida na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Bayan samun 'yancin kai ya zama Babban Sakataren ma'aikatar.

Sashen cututtuka masu zaman gida shi ne ya fi cancantar mu tsaya a kansa. Cuta mai zaman gida ita ce wadda ta kafu a wuri, ba ta gushewa rani da damina, kamar kuturta da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Ta bambanta da annoba irin sanƙarau, mai aukowa lokacin zafi ta lafa da saukar ruwa. Irin wannan cuta ba a cin ƙarfinta da gwanintar likita ɗaya. Sai da rajista, da rangadi, da malaman asibiti masu kai ƙwayar dafson ga kutare ƙauye-ƙauye a ranar da aka tsayar. Mu ɗauki ƙasar Zuru, wadda a lokacin take cikin Lardin Neja, tun kafin ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan Kebbi a 1991. Ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a wani ƙauyen Dakarkari bai taɓa ganin Dikko ba watakila, amma ƙa'idar aikinsa da horon ma'aikacinsa daga ofisoshin Kaduna suke fitowa. A nan ne muke ganin nauyin teburin likitan gudanarwa.

Akwai kuma wani ɓangare da yake nuna iyakar ma'aikacin gwamnati. Dikko yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, shi ne ma shugabanta na farko, duk da kasancewarsa Kirista a cikin taron da Musulmi suka fi yawa. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, dokar aiki ta tilasta zaɓi, sai ya sauka ya riƙe likitancinsa. A ganinmu Arewa ta ci ribar wannan zaɓi, domin a lokacin masu iya hawa duro suna da yawa, likitocinta na gida kuwa ba su cika yatsun hannu ba.

Mulki bai ƙyale shi ba. Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki a 1967, sannan na Sufuri a 1971. Ya rasu a 1977, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna sunansa yake amsawa.