Takardar Sallama da Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara: Gyara ga Wata Fahimta

A watan Oktoba na 2024 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sanar da cewa ta sake duba takardun wasu tsofaffin sojojin da aka kora bisa zargin luwaɗi ko maɗigo, ta kuma mayar da sallamar mutum fiye da 800 ta zama sallamar mutunci. Akwai wata fahimta da ke saurin zuwa bakin masu ilimi a wajenmu idan aka ji irin wannan labari, kuma ta cancanci a kawo ta da cikakken ƙarfinta. Mai wannan fahimta yana cewa soja ya shiga aiki da sanin doka, ya taka ta, aka rubuta abin da ya faru a takardarsa; goge rubutun bayan shekaru ƙarya ce a kan tarihi, kuma rataya lambar yabo ce ga aikin da addini da al'ada suka haramta. A ganina wannan magana ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato hukunci a kan wani aiki da shaida a kan hidimar da mutum ya yi wa ƙasarsa. Takardar sallama ta na biyun ce, kuma duk gardamar ɗaukaka ƙara a kanta take.

Tarihin sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Umarnin Ma'aikatar Tsaro na 1982 ya ce neman jinsi bai dace da aikin soja ba. Dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993, wadda aka yi wa laƙabi da "Kada a tambaya, kada ka faɗa", ta yi aiki daga 1994 har zuwa 20 ga Satumba 2011, kuma a ƙarƙashinta aka sallami kimanin mutum 13,500. Birtaniya ta ɗage nata hanin a Janairun 2000.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ita takardar kanta. Kowane sojan Amurka da ya bar aiki ana ba shi wata takarda mai suna DD-214. A ƙasanta akwai gurbin darajar hidima, akwai gurbin dalilin sallama, akwai kuma lambar da ke nuna ko za a iya sake ɗaukarsa. Darajar hawa-hawa ce: ta mutunci, ta gama-gari, wadda ba ta mutunci ba, sai kuma biyu mafi muni da kotun soja kaɗai ke yankewa. Wannan takarda ce mutum zai miƙa idan yana neman aiki, ko kuɗin karatun 'yan mazan jiya, ko magani a asibitinsu, ko rancen gida. Iyalansa ma ita za su nuna ranar da suke son a yi masa jana'izar soja. Kuɗin karatu na zamanin nan ba ya samuwa sai da sallamar mutunci. Wanda kuma ya samu ta mutuncin amma aka rubuta masa dalilin korar ɓaro-ɓaro, to duk akawun da ya karɓi takardar ya karanta asirinsa. Hukuncin kotu yana da ranar ƙarewa, wannan kuwa tambari ne da ke bin mutum har kabari.

Hujjar abokin gardama mafi ƙarfi ita ce doka doka ce, kuma ba a auna hukuncin jiya da ma'aunin yau. Na yarda da wannan ƙa'ida, sai dai ina ganin ba ta kai shi inda yake so ba. Da farko, daga cikin mutum 13,500 ɗin nan kimanin 2,000 ne kawai aka ba sallamar da ta gaza ta mutunci. Laifi ɗaya, doka ɗaya, amma wani ya fita da kuɗin karatu, wani ya fita hannu rabbana. Idan doka ce ta rubuta takardar, ya kamata rubutun ya zo iri ɗaya. Tunda bai zo ba, da wuya a kauce wa cewa ra'ayin kwamanda da halin barikin da mutum ya faɗa sun taka rawa, kuma abin da ra'ayi ya rubuta ana iya sake duba shi ba tare da an taɓa doka ba. Na biyu, galibin waɗannan sallama ba kotu ce ta yanke su ba, ofis ne. A shari'ar soja akwai tuhuma a rubuce da lauya da shaidun da za a yi wa tambayoyi. A sallamar ofis ma'aunin hujja ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa matashin da aka tsare a ɗaki yana sa hannu ne don ya tsira daga barazanar kurkuku. An samu sakamakon hukunci ba tare da an ɗauki nauyin tabbatar da laifi ba.

Ba kuma mutanen yau ne suka fara ganin wannan aibi ba, wanda shi ne ya fi raunana zancen ma'aunin jiya. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunar Amurka tana da abin da ake kira shuɗiyar sallama, saboda launin takardar, wadda ba ta mutunci ba ce kuma ba ta kotu ba. Masanin tarihi Allan Bérubé ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 9,000 aka ba ita kan zargin neman jinsi, kuma baƙaƙen fata sun samu kaso da ya zarce yawansu a rundunar, abin da ya sa jaridar Pittsburgh Courier ta tashi tsaye a kanta. Wani kwamitin majalisar wakilai ya yi tir da tsarin a rahotonsa na Janairun 1946, aka soke shi a 1947. Waɗancan 'yan majalisa babu wanda zai ce suna goyon bayan luwaɗi. Abin da suka ƙi shi ne a hana mutum haƙƙinsa na tsohon soja ba tare da an gurfanar da shi ba.

Sai a dubi yadda ake samo hujjar. Jeanette Smith ta kasance ma'aikaciyar jinya a rundunar saman Birtaniya. Wata mata da ba ta faɗi sunanta ba ce ta fara kiran waya a 1994, daga nan aka tsare ta da tambayoyi. Ta amsa abin da ake zarginta da shi, duk da haka masu bincike suka ci gaba da tono bayanan shimfiɗarta. A hukuncin 27 ga Satumba 1999 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta tsaya sosai a kan wannan ci gaba da tono bayan an riga an amsa. Bleu Copas, sojan Amurka mai jin Larabci, saƙonnin imel marasa suna ne suka jawo masa binciken wata takwas da sallama a 2006. Joe Ousalice kuwa, wanda ya yi kusan shekara 18 a rundunar ruwan Birtaniya har da yaƙin Falklands, ya ba da labarin yadda aka sa almakashi aka yanke lambar doguwar hidima daga ƙirjinsa a 1993. Lambar shaida ce ta shekarun da ya riga ya yi, kuma babu almakashin da ke mayar da su baya. An maido masa da ita a Janairun 2020.

A nan abokin gardama yakan koma ga addini, ya ce duk wannan lissafin Turawa ne, mu kuwa aikin haramun ne a wajenmu. Ba na jayayya da haramcin, kuma wannan maƙala ba ta nemi a sassauta shi ba. Amma wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malami a Tanut ko Balbeji na ƙasar Damargu ya san cewa littafin da ya tsananta hukuncin wannan aiki shi ne kuma ya ɗora haddin ƙazafi a kan wanda ya jefi mutum da shi. A mazhabar Malikiyya ba ya tabbata sai da shaidu huɗu da suka gani da ido, ko iƙirarin mutum da kansa, kuma idan ya janye iƙirarin ana karɓa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Tsananin hukunci da tsananin hujja tafe suke tare, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Kiran waya marar suna, da buɗe wasiƙu, da iƙirarin da aka tatso da barazana, babu alƙalin da ya san aikinsa da zai gina hukunci a kansu. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Takardar da ke tona asiri a gaban kowane akawu har tsawon rayuwa kuwa kishiyar rufin asirin da shari'a ta kwaɗaitar ce. Ina jin cewa mai kare waccan takarda da sunan addini yana kare tsarin da fiƙihunsa ba zai amince da shi ba.

Dole ne a nan in taƙaita abin da nake da'awa, domin hujjar ba ta ɗauki komai ba. Ba ta shafi wanda ya yi amfani da ƙarfi, ko ya taɓa ƙaramin yaro, ko ya yi amfani da muƙaminsa a kan na ƙasa da shi ba. Jagorar da Clifford Stanley ya fitar a madadin Ma'aikatar Tsaro a 20 ga Satumba 2011 ta ware duk fayil mai ɗauke da wani laifi na daban, haka ma afuwar da Joe Biden ya yi a 26 ga Yuni 2024 ga waɗanda kotun soja ta hukunta a ƙarƙashin sashe na 125 na dokar shari'ar soja ta tsaya kan abin da ya auku tsakanin manya da yardar juna. Hujjar ba ta kuma yanke ko runduna tana da ikon kafa irin wannan hani ba. Wannan wata gardama ce mai zaman kanta. Iyakar abin da take tabbatarwa shi ne cewa ko an amince da hanin, darajar hidima abu ne da ake aunawa da hidimar, kuma wanda aka yi wa rubutu ba tare da shari'a ba yana da haƙƙin a saurare shi.

Saura tambayar da ta fi damuna, wato wa zai fara motsawa. A Amurka manyan ƙofofi biyu ne: kwamitin sake duba sallama, wanda ke karɓar ƙorafi cikin shekara 15 da barin aiki, da kwamitin gyara bayanan soja, mai wa'adin shekara 3 daga gano kuskure, ko da yake yana iya yafe wa'adin don adalci. A duka biyun ana ɗauka cewa gwamnati ta yi daidai har sai mai ƙorafi ya nuna akasin haka. Abokin gardama zai ce ai ga ƙofa a buɗe, wanda bai shiga ba shi ya so. Amma gobarar 12 ga Yuli 1973 a ma'ajiyar fayilolin soja ta St. Louis ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, kuma da ita aka fara kafa hujja wajen ƙin sauraron Edward Spires, wanda rundunar sama ta kora a 1948. Sai da ya je kotu kafin a gyara masa a Janairun 2017, yana da shekara 91, burinsa kawai a binne shi a matsayin soja. Afuwar Biden ma ba ta canza takarda da kanta, sai mutum ya nemi shaidar afuwa sannan ya sake shigar da buƙata. Tsarin yana neman wanda aka kunyata ya sake zayyana kunyarsa a rubuce ga hukumar da ta kunyata shi. Ba mamaki da yawa suka zaɓi shiru, har sai da Ma'aikatar Tsaro ta fara duba fayilolin da kanta a Satumban 2023.

Mutanen Damargu ba baƙi ba ne ga wannan darasi, ko da dalilin ya bambanta. Faransa ta ɗebi sojoji a ƙasashen da ta mallaka, har da Nijar, sannan dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Amadou Diop, tsohon saje ɗan Senegal, ya rasu kafin babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya a 30 ga Nuwamba 2001. Da aka zo daidaita fanshon a 2011, wani ɓangare na gyaran sai wanda ya nema a rubuce cikin wa'adi. A yi tunanin tsoho ko matar da ya rasu ya bari a wani ƙauyen Balbeji, ga littafin soja a ƙulle cikin leda a gindin akwati, ga Yamai a nisan kilomita fiye da dubu daga Tanut, ga takardun da Faransanci. Haƙƙin da sai an nema, a irin wannan hali, rabinsa ya riga ya salwanta. Magabata sun san haka: Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa ƙorafin sojoji kan tauye albashinsu cikin ayyukan kotun mazalim, ya kuma ambaci nau'o'in zalunci da mai wannan kotu zai bincika ko babu wanda ya kawo kuka. Wasiƙar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ita ma ta hori alƙali da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya.

Batun ya matso kusa da mu. A Disamban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin ƙa'idojin aikin sojan Najeriya da suka haramta wa jami'ai harkokin neman jinsi a fili, ƙari a kan sashen da Dokar Rundunar Soja ta riga ta tanada. Duk inda aka kafa irin wannan hani, zargi yana zama makami mai araha a hannun abokin gaba a bariki, ko mai neman muƙamin wani, kuma marar laifin da aka jefa da shi ba shi da hanyar wanke kansa sai in an tanadar masa. Ko wanda ya fi kowa goyon bayan hanin ya kamata ya buƙaci abubuwa kaɗan tare da shi: kada a karɓi zargi marar suna, kada ofis ya yanke abin da kotu ce ta cancanci yankewa, a bar dalilin sallama a fayil na ciki maimakon takardar da mutum zai riƙa nunawa, kuma wa'adin ɗaukaka ƙara ya kasance mai tsawon da wanda ya koma ƙauyensu zai iya cim masa.